Gyambo Da Masu Neman Maganinsa

Kogin Haɗejiya daga ƙasar Kano ya taso, inda kogin Kano da na Chalawa suka haɗu kafin Wudil. Daga nan ya miƙa gabas, ya ratsa ƙasar Ringim da ta Auyo, ya bi ta kudu da birnin Haɗejiya, sa'an nan ya rarrabu ya bazu cikin fadamu, har ya je ya gamu da ruwan Jama'are, suka zama Komadugu Yobe, suka nufi Tafkin Chadi. Kowa ya san arzikin da ruwan nan ya ke kawowa, ga shinkafa, ga kifi, ga albasa da tattasai da alkama. Abin da ba a cika ambata ba shi ne harajin da ƙafar talaka ta ke biya kafin a sami wannan arziki.

Dubi manomin shinkafa a watan Agusta. Tun hantsi ya ke cikin taɓo har la'asar, ba takalmi. Ƙaya ta soke shi, ko kaifin ciyawa ya yanke shi a ƙwauri, ko kuwa in masunci ne ƙayar ƙurungu ta kafce shi. Ba ya ko dubawa, don abin bai kai a duba ba. Bayan kwana kaɗan sai wurin ya yi ƙurji, ya fashe, ya shiga ci yana faɗi, bakinsa ya yi tudu, tsakiyarsa ta yi rami, ga ɗoyi, ga zogi mai hana barci. To, wannan shi ne gyambo. Likitoci sun gane wasu ƙwayoyin cuta ne iri biyu ko fiye su ke taruwa su yi wannan ɓarna, kuma sun fi samun dama ga wanda abinci mai gina jiki bai ishe shi ba. Shi ya sa ya kan yi yawa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aiki kuwa ya yi yawa. Ƙwauri ya fi kamawa, don fatar wurin ba ta da tsoka a ƙarƙashinta, jini kuma bai wadace ta ba. In aka bar shi shekara da shekaru ya kan kai ga ƙashi, wani ma ya rikiɗe ya zama ciwon daji.

Hausawa sun daɗe da sanin abin nan, harshensu ma shaida ne. Sun raba rauni da ƙurji, sun raba maruru da miki, suka ajiye sunan gyambo don wanda ya ƙi jin magani. Har kalma suka keɓe don bugun da a kan yi wa tsohon ciwo, watau fami, suka kuma ara ta suka kai ga zuciya, a ce an fama wa mutum inda ke masa ciwo. Mutanen da ba su sha wahalar abu ba, ba su tara masa sunaye haka.

A zamanin da wanzami shi ne likitan miki. Shi ke tsaga maruru, shi ke sakiya da ƙarfe mai zafi, shi ke cire kan kibiya daga jikin mayaƙa, aikin da bai yi masa ƙaranci ba zamanin Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya yi ta yaƙe-yaƙe har rasuwarsa a 1863. Maganin gyambo da aka fi sani shi ne garin bagaruwa, a barbaɗa a rufe da ganye a ɗaure da tsumma, waɗansu kuwa su sa zuma. Kada mai karatu ya yi saurin raina su. Abin da ke cikin bagaruwa wanda majema su ke jeme fata da shi, shi ne ya ke ƙame bakin miki ya tsotse ruwansa. Zuma kuwa har yau asibitoci a ƙasashe da yawa suna ɗaure miki da ita, don ƙwayoyin cuta ba su iya hayayyafa a cikinta. Inda aka yi ɓarna shi ne wajen masu shafa ƙasa ko kashin shanu, gama nan ne mazaunin ƙwayar ciwon nan mai sarƙe haƙora ya sandarar da jiki duka, wanda ba safai a ke tashi daga gare shi ba.

Turawa sun ci Haɗejiya ran 25 ga Afrilu 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan mayaƙansa. Maganin asibiti bai biyo su da gaggawa ba. Sannu a hankali En'e ta yi ta gina ɗakunan shan magani a manyan garuruwa, kuma babban aikin malamin asibiti na wancan zamani shi ne wankin gyambo. Ya wanke da ruwan magani, ya ɗaure da bandeji, gobe a komo. Wani ya warke, wani ya gaji ya daina zuwa. Sai bayan Yaƙin Hitila aka sami abin da ya karya lagon ciwon, watau allurar fanisilin, wadda asalinta wani likitan Ingila, Alexander Fleming, ya gano a 1928. In gyambo sabo ne, allura ta 'yan kwanaki ta kan tsai da shi, in kuwa ya yi faɗi sai a yanko fata 'yar siririya daga cinya a dasa a kai. Da wannan allura ce Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yi gangamin yaƙi da kabba daga 1952 zuwa 1964, suka yi wa mutum wajen miliyan 50 magani a ƙasashe 46. Tun daga lokacin ne mutanenmu suka ɗauki allura da girma, har in likita ya ba mutum ƙwaya kaɗai sai ya ga kamar ba a duba shi ba.

Kurkunu shi ma mai kawo miki ne, amma ta wata hanya. Mutum ya sha ruwan kududdufi, ya haɗiye ƙwarin da ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, ba ya jin kome sai bayan kamar shekara guda, sa'an nan ƙafa ta yi bororo, tsutsa mai tsawon yadi guda ta fara leƙowa. Ba allura, ba ƙwaya, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan har makonni, kuma daidai lokacin noma. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami fiye da mutum 650,000 masu kurkunu. Da ƙyallen tace ruwa da rijiyoyin burtsatse aka kore shi, tare da ƙoƙarin tsohon Shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon. Mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008 aka gan shi, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da shi.

Amma duk cikin masu miki babu wanda ya sha wuya kamar kuturu. Ciwo ya ci shi, mutane kuma su guje shi, a ware masa ƙwarya da buta, har kutare suka zama jama'a guda mai unguwarta da Sarkin Kutarenta a manyan birane. Da can an ɗauka gado ne, waɗansu su ce sammu, waɗansu su ɗora wa cin wani abinci laifi. A 1873 ne wani likitan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita, amma ganin ɓarawo dabam, kama shi dabam. Shekara wajen saba'in ba a da magani sai wani mai da a ke tatsa daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Hindu, a yi ta tsira wa mutum allurarsa mai zafi, amfaninsa kuwa kaɗan.

A 1937 aka danƙa wa mishan ta S.I.M. riƙon zangunan kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Su ne aka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Haɗejiya a sa'an nan cikin Lardin Kano ta ke, saboda haka Yadakunya ce tata, tafiyar fiye da mil 100. Wanda ya tafi kuwa ya bar gona, ya bar iyali, ba ranar komowa. Don haka mafi yawan masu ciwon suka zaɓi ɓoyewa.

Sauƙi daga cikin Nijeriya ya ɓullo. A Uzuakoli, can ƙasar Ibo, Likita John Lowe ya nuna wajen 1950 cewa ƙwayar dafson, wadda da a ke tsoro don ƙarfinta, in an ba da ita kaɗan kaɗan ta baki tana kashe cutar ba ta kashe mai ita. Ga ta da araha ƙwarai. A Jihar Arewa Likita Ross ya ɗauki wannan ilmi ya yi abin da ya fi gina zango, ya sa aka buɗe wuraren raba ƙwaya a ƙauyuka, mutum ya zo ranar da aka yanka masa ya haɗiya ya koma gonarsa. A Uzuakoli ɗin dai aka fara gwada wata ƙwayar, kulofazimin, a 1962. Da cutar ta fara gagarar dafson, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a haɗa magunguna uku, kuma tun 1995 kyauta a ke ba da su ko'ina a duniya. Yau wata shida ko goma sha biyu ya isa a warke. Duk da haka ciwon bai ƙare ba, kowace shekara a kan sami sababbin masu shi wajen dubu biyu a Nijeriya, kuma a Saye, kusa da Zariya, akwai makarantar horad da ma'aikatan da ke yaƙi da shi da tarin fuka.

Sai dai ƙwaya ta kashe cuta, mikin tafin ƙafa kuwa yana nan. Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Hindu. Kowa ya ɗauka naman kuturu ruɓewa ya ke yi da kansa. Brand ya lura ya ga ba haka ba ne. Cutar jijiyoyin ji ta ke kashewa, sai mutum ya taka ƙaya bai sani ba, ya ɗauki tukunya daga wuta bai ji ba, ya yi ta tafiya a kan rauni yana fama shi dare da rana, don babu zafin da zai ce masa tsaya. Da aka ɗaure irin wannan ƙafa cikin filasta aka hutad da ita, sai mikin da ya shekara biyar ya rufe cikin makonni. Aka yi musu takalma masu taushin ciki don kada ya komo. Ashe zafin da mu ke kuka da shi mai gadi ne.

To, kowane miki da muka ambata an ci shi ne ranar da aka gane sanadinsa. Saura waɗanda sanadinsu cikin jini da hanyoyinsa ya ke. Akwai mikin idon sawu na masu amosanin jini, wanda a ke kira sikila, Nijeriya kuwa ta fi kowace ƙasa yawan masu shi. Akwai kuma mikin ƙafar mai ciwon sukari, wanda da a ke ce da shi ciwon masu kuɗi, yanzu kuwa ya shiga ƙauye. Sukari ya kan kashe jijiyoyin ji kamar yadda kuturta ke yi, ya kuma ƙuntata ƙananan hanyoyin jini, har nama ya rasa abin da zai gina kansa da shi. Ƙarshen da a ke tsoro shi ne yanke ƙafa. Saboda irin wannan miki ne likitoci suka waiwayi wata dabara mai ban mamaki, watau a sa mutum cikin ɗaki na ƙarfe, a matsa iska, a shayad da shi oksijin zalla.

Duk masuncin da ya taɓa nutso cikin gurbi mai zurfi ya san yadda kunne ke toshewa ya yi zafi. Nauyin ruwa ke nan. Iskar da ke kanmu ita ma tana da nauyi, mun dai saba ne ba mu ji. In mutum ya nutse ƙafa 33, watau gaba biyar da rabi, nauyin da ke danne shi ya ninka biyu. Tun 1662 wani Bature a Ingila, Henshaw, ya tsara ɗaki wanda a ke hura wa iska da zugazugi don warkad da marasa lafiya, alhali a lokacin ba wanda ya san oksijin, sai a 1774 Joseph Priestley ya ware shi daga sauran iska. Amma ilmin gaskiya daga wajen leburori ya fito. Masu gina manyan gadoji a Amurka su kan sauka ƙarƙashin kogi cikin akwatuna da aka cika da matsattsiyar iska don ta kore ruwa. In sun fito sai gaɓoɓi su ɗau ciwo, waɗansu su shanye, waɗansu su mutu. Babban injiniyan gadar Brooklyn kansa, Washington Roebling, haka ya nakasa a 1872. Wani masani Bafaranshe, Paul Bert, ya bayyana dalili a 1878: iskar da ta narke cikin jini saboda matsi, in an saki matsin da gaggawa sai ta taso ta yi kumfa, kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an fasa murfinta. Magani shi ne a mai da mutum cikin matsi, a sassauta a hankali. Don haka har yau masu aikin nutso a teku ba su rabuwa da irin wannan ɗaki.

Da abu ya yi suna sai masu zuzutawa su shigo. A birnin Cleveland, a 1928, Likita Orval Cunningham ya gina wata ƙatuwar ƙwallo ta ƙarfe mai hawa biyar, faɗinta ƙafa 64, da ɗakunan kwana kamar masauki, yana cewa matsattsiyar iska tana maganin sukari da ciwon daji. Ƙungiyar likitocin Amurka ta nemi hujja, bai kawo ba. Ƙarshenta aka farfasa ƙwallon aka sai da ƙarfen. Wannan ya ɓata sunan dabarar shekaru da yawa.

Wanda ya wanke ta shi ne Ite Boerema, likitan fiɗa a Amsterdam ta ƙasar Holan, wanda ya fara aikin zuciya cikin ɗakin matsi a 1956. Ga abin da ya dogara a kai. Jini ruwa ne da jajayen ƙwayoyi suna yawo a ciki. Ƙwayoyin nan su ne jiragen dakon oksijin, kuma ko da iskar da mu ke sheƙa kullum sun kusa cika maƙil, ba wurin ƙari. Cikin cokali 100 na jini akwai oksijin kamar cokali 20, kusan duka a cikin jiragen, abin da ya narke cikin ruwan kansa bai fi sulusin cokali ba. Amma in an ninka matsi uku aka ba mutum oksijin zalla, ruwan kaɗai sai ya ɗauki wajen cokali 6, wanda ya kusa daidai da abin da jiki ke ci in yana hutawa. Boerema ya tabbatad da haka a 1960 da aladu, ya zuƙe kusan dukan jajayen ƙwayoyinsu, suka rayu cikin ɗakin. Mutumin Guri ko Kirikasamma ba ya bukatar dogon bayani a nan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992 tafiyar ruwa ta sāke, ciyawar kacalla ta cike hanyoyi da yawa, jirgi ba ya wucewa, amma ruwa yana kurɗawa. Haka ƙafar mai sukari ta ke, dabarar kuwa ita ce a ɗora wa ruwan kaya.

A 1961 abokin aikinsa, Brummelkamp, ya gwada ta a kan ruɓar nama mai kumbura, wadda ƙwayarta ba ta jure oksijin, aka ga amfani a fili. Daga nan aka kai ta ga miki. An gane oksijin yana ƙarfafa fararen ƙwayoyin jini masu kashe cuta, yana kuma taimakon tsirowar sababbin hanyoyin jini. Yadda a ke yi yau, mutum ya shiga ɗakin, a kai matsi ninki biyu ko biyu da rabi, ya zauna kamar sa'a ɗaya da rabi, kwana biyar a mako, har sau 30 ko 40.

Shin tana warkarwa? A nan likitoci ba su zama baki ɗaya ba. A Lund ta ƙasar Suwidin, a 2010, an raba masu mikin sukari 94 kashi biyu, duka suna shiga ɗakin, amma kashi ɗaya iska ce kawai a ke ba su ba su sani ba. Bayan shekara, 52 cikin 100 na masu samun oksijin sun warke, na ɗaya kashin kuwa 29. Amma wani gwaji a Kanada a 2016 bai ga ta rage masu bukatar yanke ƙafa ba. Abin da ya tabbata shi ne taimako ce a kan sauran aiki. In babbar jijiyar jini ta toshe sai likitan fiɗa ya buɗe ta tukuna, in sukari bai sauka ba, ko mataccen nama bai fita ba, ko mutum yana ta taka mikin, zaman ɗakin ɓata lokaci ne. Tana kuma da nata haɗari. Dodon kunne ya kan ji ciwo, gani ya kan dushe na 'yan makonni, wani ya kan yi farfaɗiya. Mafi muni wuta, gama cikin oksijin tartsatsi ɗaya ya isa. A birnin Milan na Italiya, a 1997, mutum 11 suka ƙone cikin irin wannan ɗaki. Saboda haka duk wanda ya ji ana tallar ta a kan tana maganin kowace cuta, ya tuna da ƙwallon Cleveland.

A ganina ɗakin nan ya cancanci wuri a manyan asibitocin koyarwa, inda akwai lantarki mara yankewa da masu sarrafa shi. Amma sai a yi lissafi da mutumin fadama. Shiga 40 mako takwas ke nan a birni, ga kuɗin masauki, ga na abinci, ga gona ba mai duba ta. Kafin a kai nan akwai abubuwa biyu da ƙaramin asibiti zai iya, kuma dukansu daga zangon kutare aka gāje su. Paul Brand ya koma Carville ta Amurka a 1966, a can ya ga ƙafar mai sukari da ta kuturu ciwonsu ɗaya ne, sai ya ɗaure ta da irin filastar da ya saba. Har yau likitoci suna lissafa wannan ɗauri cikin mafi ingancin hanyoyin rufe mikin tafin ƙafa. Na biyu kuwa wani ɗan zare ne na roba mai kama da gashin wutsiyar doki, a dangwala shi a tafin ƙafa har ya tanƙwara, a tambayi mutum ko ya ji. In ya ce bai ji ba, to, mai gadi ya tafi, daga ranar ba shi ba tafiya ba takalmi, kuma kowane dare sai ya duba tafin ƙafarsa da fitila, ko ya sa wani na gida ya duba masa.